Gambar da Bube Ya Jinkirta Ƙonawa

A shekarun da Nijeriya ta sami mulkin kai, akwai wani fili yamma da Kebbe da ake kira Fako. Kiwo da gobarar mafarauta sun cinye shi har ƙasarsa ta daskare kamar daɓen ɗaki. Hukumar En'e ta keɓe shi, ta hana shanu shiga, ta nemi mai kula da shi. Wani masaƙin zana mai suna Bube shi kaɗai ya ce ya ji ya gani.

Gajeren mutum ne, mai faɗin ƙafa, ba ya son doguwar magana. Ya tashi maraya. Ƙanwar ubansa, wadda kowa ke kira Goggo, ita ta rene shi a bakin wannan fili, zamanin da gamba ke shanye mahayin doki har rawani. Da tsufa ya kama ta sai ta bi ɗanta Ɗangiwa zuwa Tambuwal, inda yake dukanci.

Bube bai watsa iri ba. Fadama yake zuwa ya tono tushen gamba, ya tsaga, ya ɗoro a jaki, ya dasa rami-rami da taki idan ruwan farko ya sauka. Mutane suka yi ta dariya, wai ga mai noman ciyawa. Damina bayan damina gambar ta haɗe, kyauro ya biyo ta, fakara da zabin daji suka dawo. A gefen arewa ya dasa 'yan ɗorawa, yana kai musu ruwa a tulu da rani.

Gamba tana da ƙa'ida. Da ruwa ya ɗauke, masu zana da masu jinka su yanki rabonsu, sauran a sa masa wuta tun gindin yana da ɗanye, raɓa kuma tana sauka. Irin wannan wuta lasa kawai take yi ta wuce. In aka bari ta bushe ƙayau, wutar takan ci har saiwa, wahalar shekaru ta tafi a wuni guda.

Shekarar da gambar ta fara wuce tsayin mutum, Bube ya aika wa Goggo ta zo ta gani. Aka ce gulbi ya cika. Da ya janye, aka ce Ɗangiwa na girbi. Bube ya bar masu yanka suka taɓa gefe-gefe, ya hana su tsakiya, wuta kuwa ya ƙi sawa. Mai gari ya aiko a tambaye shi dalili. Ya ce, "Goggo na tafe." Kowace safiya yakan karya kara ɗaya ya duba cikinsa, ya jefar, ya kalli hanyar Tambuwal.

Ran nan da hantsi sai ga su, Goggo a kan jaki, Ɗangiwa na ja. Tun daga nesa ya fara tsiya irin ta taubasai.

"Kai bawana! Wagga ita ta gonar da ka tashe mu tun daga Tambuwal? Ina hatsin?"

"Hatsinka na nan, ci ka ƙoshi," in ji Bube. "Jakin ma ya hi ka sanin darajar wurin."

Ya durƙusa ya gaida Goggo. Da ta juyo sai ya ga yanar makanta ta rufe idanunta duka biyu. Ba wanda ya gaya masa. Ya dubi Ɗangiwa, Ɗangiwa ya dubi ƙasa.

"Sauke ni," ta ce. "Ba zama ya kawo ni ba."

Ya riƙe hannunta suka bi 'yar siririyar hanya. Gamba ta rufe su, kawunanta na kaɗawa can sama, hasken rana na tsiyayowa kaɗan-kaɗan. Tana tafe tana shafa kara da bayan hannu. Ta tsaya ta shaƙi ƙamshin, ta ce a nan wajen ne suke tsinko naman kaza da ubansa. Wata fakara ta tashi fir daga gabansu, ta yi dariya har da dafa ƙirji.

Iska ta ɗan taso. Goggo ta karkata kai, ta daɗe tana saurare.

"Bube."

"Na'am, Goggo."

"Gamba mai rai shuu taka cewa. Wagga ƙayas-ƙayas nika ji. Mi kaka jira ba ka sa wuta ba?"

"Ke nika jira. Na so ki gan ta tsaye."

"To na gani. Allah shi yi ma albarka. Amma in ta mutu sabili da ni, da wane baki zan ce na ji daɗi?"

Ɗangiwa daga baya ya ce, "Inna, ai tun yana yaro kin san kansa ba shi da cika."

"Kai rufa mani baki, tai ka kira mutane."

Ran nan duka yanka aka yi. Maza suka share faffaɗar hanya kewaye da filin, aka tara dammunan gamba har ba wurin ajiyewa. Washegari bayan asuba, raɓa na jiƙa ƙafa, Bube ya kunna wuta daga inda iska ke nufa, don ta yi tafiyar hawainiya. Mutane suka jeru da ɗanyen reshe a hannu. Goggo na zaune nesa a gindin tsamiya, tana tambayar wace fuska hayaƙin ya yi.

Tsakiya ta ƙone lafiya. Amma gefen arewa ya riga ya bushe, wutar ta miƙe ta fi ƙarfin masu duka, ta cinye 'yan ɗorawar nan gaba ɗaya. Bube ya tsaya a kansu yana taɓa ƙonannun rassan. Ɗangiwa ma, a karon nan, bai yi tsiya ba.

Goggo ta ƙi komawa Tambuwal sai ta san makomar saiwar. Bayan 'yan kwanaki Bube ya kai ta cikin toka, ya kama hannunta ya ɗora a kan wani baƙin tushe. Ta laluba a hankali, ta ji tsinin sabon toho yana sukar yatsunta.

"Ta rayu," ta ce. "Ɗorawa kau ka sake dashe. Ɗangiwa, ɗaura wa jaki akumari."