Waƙar Turmin Kakata

Jiya maƙwabciyarmu a unguwar Rusaifa, nan Makka, ta daka yaji, sai ƙarar turmin ta mayar da ni ɗakin kakata a unguwar Zahir, lokacin ina yaro. Ka san zafin Makka idan ya tashi, ko ƙofar gida ba a son leƙawa. A irin wannan lokaci takan jawo turminta gindin fanka, tana daka barkono da daddawa, tana wata waƙa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina gefe ina ta atishawa, tana ce mini ragon miji.

Ranar da na rera waƙar a bakin titi, babana ya fizgo ni ciki, fuskarsa babu annuri. Sai da na girma na san dalili. Yayan kaka Kirista ne, shi kaɗai ya tsaya a ƙauyensu a Najeriya lokacin da danginsu suka kamo hanyar Sudan a ƙafa za su Makka. Baturen mishan ya hana kiɗa a cocinsu, wai ganga ta arna ce. Shi kuma sai ya ɗora yabon Ubangiji a kan amon daka, mata suna rerawa a tsakar gida, Bature yana wucewa yana zaton aikinsu kawai suke yi. Kaka ba ta taɓa wasa da salla ba, amma abin da ya rage mata na ɗan'uwanta ke nan.

Yanzu hutu na zo gida, amma ina rubuta kundin digiri a wata jami'a a Najeriya, kan yadda baƙaƙen Kiristoci suka tuɓe wa addininsu rigar Turawa. Na karanta littattafai har idona ya gaji, babu inda aka ambaci mutumin nan. Ƙauyen ma ya watse. Amon kaɗai na riƙe, baitukan suna bakin kaka, ita kuwa tsufa ya cinye mata tunani, ko ni ba ta ganewa. Wallahi tsoro nake ji. In ta tafi, shi ma ya tafi ke nan.

Da safen nan na aro turmin maƙwabciya, na durƙusa gaban gadon kaka, da yake yanzu wurinmu take, ina daka babu komai a ciki, ina bin amon da murya, hawaye na zuba. Ta buɗe ido, ta daɗe tana kallona. Leɓɓanta suka motsa, na yi maza na matso da wayata don in ɗauki muryarta.

"Yaya," in ji ta, "yi shiru. Nan Makka ne, kada ka jawo wa yaran nan magana."