Jar Fitila a Edmonton

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, wannan makon na Edmonton ba zai tafi ba. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati na tura mu karatu waje kamar ana rabon goro, ni kuwa Landan aka kai ni koyon lantarki. A shekarar ƙarshe aka tura ni sanin makamar aiki a wata masana'anta a unguwar Edmonton ta Landan, da ke ƙera sensa, ɗan abin nan da ke auna ƙarfin wuta a jikin inji. Aka ce in ƙera akwatin gwaji: a soka sensa, in lafiyarta ƙalau koriyar fitila ta kama, in ta kauce ja ta kama. Wata biyu na yi ina zane ina solda. Ranar da na gama, wallahi ko sallama da ƙyar nake amsawa don girman kai.

Ba a yi sati da fara aiki da akwatin ba sai ga matsala. Kayan da ake gwadawa da rana suna wucewa sumul, amma tiren farko na safe ja, ja, ja. Tiren nan kuwa na wata 'yar Jos ne da muke kira Anti, ita ce ta farko a layi. Mijinta na karatu, ita ke riƙe da gida da yara uku. Foman ya ce ranar Juma'a za a sallame ta.

Ta tare ni a kantin cin abinci. "Ƙanena, shekara uku ina haɗa abin nan, hannuna bai taɓa ba ni kunya ba. Don Allah ka duba akwatinka."

"Haba Anti," na ce, "na'ura ai ba ta ƙarya." Ban ko ajiye kofin shayina ba. Ta dube ni, ta ce, "To, Allah na gani," ta wuce. Har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Maganarta ta hana ni sakat. Ranar Alhamis na yi sammako, na ɗauki sensa guda cikin waɗanda aka yar, na soka: ja. Na kinkimi akwatin zuwa ɗan ofishina, na kunna hitar da nake ɓoyewa ƙarƙashin tebur, don ni da sanyin Ingila ba ma ga maciji. Ina cikin duba wayoyi, can na ɗaga kai, sai ga fitila ta koma kore. Innalillahi! Ashe tun farko a cikin zafin hitar nan na saita ma'aunin akwatin, ɗan ƙaramin abin da ke riƙe da ma'aunin kuwa, wanda ake kira diyod, lissafinsa na gocewa in ya yi sanyi. Teburin gwaji na bakin babbar ƙofa, da safe ƙanƙara ce zalla.

Shaiɗan ya raɗa mini cewa in gyara shiru, wa zai sani? Rahotona na hannun manaja, shi zai rubuta wa makaranta. Amma in na yi shiru, laifin makon da ya wuce na nan a wuyan Anti. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Juma'a da safe na sami manaja da foman a bakin teburin, takardar sallama a hannun foman, Anti na tsaye ta harɗe hannu. Na fito da hita a hammata. Na soka sensarta, ja ta kama. Na jona hitar kusa da akwatin, na roƙe su su ba ni minti goma. Minti biyar, ja. Minti takwas, ja. Foman ya duba agogo ya yi tsaki. Ni kuwa gumi nake a cikin sanyin nan, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya a kore.

Na ce da manaja laifina ne, kayan matar nan lafiyarsu lau. Ya karɓi takardar ya cusa a aljihu, ya ba ni kwana uku in sake ƙera ma'aunin yadda sanyi ba zai taɓa shi ba. Kuskuren kuma sai da ya shiga rahotona.

Anti ta matso, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ƙanena, ni mai baki na yi magana ka ƙi ji, sai da hita ta yi maka bayani?" Na durƙusa na ba ta haƙuri a gaban kowa.

Na yi shekaru ina ƙera na'urorin gwaji bayan nan. Duk ranar da ma'auni da mai aiki suka saɓa, ma'aunin nake fara tuhuma, balle in ni na ƙera shi, domin abincin wani ne a bayan fitilar nan.