Likkafanin Inna a Kayan Dillaliya

Sif ɗina ne ya jawo mini. Tun ranar da anka kawo shi cikin kayan ɗakina nake cusa masa tufafi, ban taɓa fidda ko kallabi ba, har wata safiya cikin damina katakon tsakiya ya karye, komai ya zubo mini bisa ƙafa. Atamfofin lefe, leshi, gyale, rigunan da rabona da shiga cikinsu tun kafin haihuwar fari, ga shi na yi huɗu. Duk sun ɗauki warin raɓa. Raina ya ɓaci, na ce yau ko ni ko su.

Na shimfiɗa tabarma na shiga ware su. Na sawa gefe guda, na kyauta gefe guda, sauran kuma, wanda ya fi yawa, na dillaliya. Ni dai haka Allah Ya yi ni, in zuciya ta ɗebe ni ba na tsayawa duba abu sau biyu. In ɗaga, in kalla, in jefa.

Dillaliyarmu tsohuwa ce, Gwaggo muke ce mata. Gida-gida take bi a Sabon Birni da ƙunshi bisa kai, tana kai wa irinmu da ba mu fita. Abin da bai shiga ba cikin gari ta kai shi ran kasuwa, mutanen Burkusuma da na tsallaken iyaka su kwashe. Ba ta taɓa ɗaukar tufa ba ta kushe shi ba. Sai ta leƙa hammata, ta ja bakin zane, ta ɗaga shi ga rana.

"Matar Malam, wannan ai ko kyauta sai an roƙi mutum," in ji ta.

"To aje mini abina, Gwaggo."

"Ke, wa ya ce ki yi fushi? Za ni gwada."

Can ƙasan tulin akwai wani ƙunshi cikin tsohon zane mai ruwan ƙasa. Ta kwance. Farin yadi ne na auduga, mai kauri, mai yawa, bakin ninkin ya ɗan yi rawaya. Na ce a raina ragowar yadin Malam ne, don mijina malamin Islamiyya ne, farin tufa ba ya yanke masa, kuma duk abin da ya rage cikin sif ɗina yake ƙarewa. Gwaggo ta murza shi da yatsa, a karo na farko ba ta kushe ba.

"Wanga shi ne kaya," ta ce. "Har shi?"

"Har shi. Kwashe duka, in samu wurin numfashi."

Kwana shida bayan nan Inna ta kira ni. Inna uwar mijina ce, ɗakinta na kallon nawa. Ta kusa wata tana kwance, ƙafa ta kumbura, abinci ba ya shiga, har ƙanwarta ta zo daga Tsamaye tana jinya. Na durƙusa bakin gado na gaishe ta. Idonta ya riga ya yi rauni, sai ta lalubo hannuna.

"Ɗiyata, ajiyar nan da na ba ki shekarar da ɗakina ya yi yoyo. Ki fiddo ta ta sha iska. Gobe bayan La'asar ki kawo mini in taɓa."

Na ce to. Na miƙe, na kai bakin ƙofa, sannan abin ya faɗo mini. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Likkafaninta ne. Tsofaffinmu in Allah Ya kai su Makka sukan sayi farin yadi, su jiƙa shi da ruwan zamzam, su shanya can, su zo da shi su aje har ranar da za a sa su ciki. Inna sau ɗaya ta je, tare da mijinta, Allah Ya jiƙansa, kuma ta san ba ta komawa. Da hannunta ta jiƙa shi. Shekarar da rufin ɗakinta ya tsage, gara ta shiga adakarta, ta ɗauko ƙunshin ta kawo mini. Tana da ɗiya mata uku cikin garin nan, ba ta kai wa ko ɗaya ba. Ta ce mini, "Rigata ce ta ƙarshe, ke na ba." Na karɓa da hannu biyu, na tura can ƙasan sif, na bi ta kansa da shekara biyar na tarkace, na manta. Wallahi mantawa na yi. Amma wa za ni faɗa wa haka ya saurare ni?

Gari na wayewa na ce wa Malam za ni gidanmu gaishe da tsohona. Ya ce Allah Ya kiyaye, in gaishe shi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa yi masa ƙarya kan fita ba, ran nan na yi, bakina bai ko yi rawa ba. Wannan ma ya ba ni tsoro.

Na iske Gwaggo tana ɗaure kaya za ta fita. Ban ko gama sallama ba.

"Gwaggo, farin yadin nan. Yana ina?"

"Wane? Au, wancan? Ai ko kwana bai yi ba. Tela na bakin kasuwa ya ɗauke."

"Likkafanin Inna ne."

Ta saki bakin ƙunshin, ta zauna daɓas. Ta yi salati ta sake yi. Sannan ta hau ni da faɗa, wai wace irin mace ce ba ta san abin da ke cikin ɗakinta ba. Ni ma na hau ta, na ce ke da kinka shekara talatin kina juya tufa, kin ga rawayar ninki, kin ga tsawonsa, ba ki gane ba? Muna ta yi kamar kaji, ga rana na ɗagawa. Ita ta fara dawowa hankalinta. Ta jawo mayafi ta ce in tashi.

Munka hau kabu-kabu guda mu biyu. Na ja niƙabi har ido. Matar malami cikin kasuwa, ga iyayen ɗalibansa ko'ina, in wani ya gane tafiyata kafin in kai gida labari ya riga ni. Hanya duk taɓo, mai mashin yana kauce wa ruwa, ni kuwa abu ɗaya nake maimaitawa: Allah Ka sa bai sa almakashi ba, Allah Ka sa bai sa almakashi ba.

Telan na bisa kekensa. Gwaggo ta yi masa magana, ni na tsaya baya. Ya tsai da ƙafa ya ce ai yadin nan ya yi albarka, hijabai ya yanka da shi na 'yan mata masu saukar karatu, jiya anka zo anka karɓa. Gwaggo ta ce wace makaranta. Ya faɗi. Makarantar mijina ce, wadda ke zauren gidanmu da rumfar gefensa.

Ya nuna ƙarƙashin teburi da ƙafa. Ƙyallaye ne, mafi girmansu bai kai tafin hannu biyu ba. Na duƙa na tsince su duka, har da zare. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ɗaure su a bakin zanena, na fito.

Bayan rumfa Gwaggo ta riƙe mini hannu. Ta rage murya.

"Saurara, matar Malam. Fari fari ne. Ga masu yadi can, mu nemi irinsa. Maƙwabciyata ta dawo Umara, tana da zamzam, za ni roƙo miki. Ki yayyafa, ki shanya, ki ninke. Zanen da anka ƙunshe shi yana wurina, ba wanda ya taya. Tsohuwar da ba ta gani, me za ta gane?"

"A'uzubillahi! In yaudari mai shirin mutuwa?"

"To je ki faɗa mata. Ki ce kin sayar. In zuciyarta ta buga, ke kin san abin da za ki ce wa ɗanta da 'yan uwansa."

Bakina ya ce a'a. Ƙafata kuwa ta bi ta har rumfar masu yadi. Munka murza wannan, munka murza wancan, munka ɗauki wanda ya fi kusa. Ya fi na Inna haske, ya fi shi santsi, na gani da idona, na ce ba komai.

Kafin Azahar ina gida. Zamzam ɗin cikin 'yar roba ne, bai fi kofi ba. Na kulle ɗaki na shimfiɗa yadin bisa gado, ina tsoma yatsu ina yarfawa, ina bismilla, ina jin kunyar bismillar. Na fita da shi bayan madafa inda ba a gani daga ɗakin Inna, na shanya. Sai hadari ya taso daga gabas. Ina tuƙa tuwo ina leƙen sama, ina leƙen igiya, ƙanwar Inna ta wuce da buta sau biyu. Da iska ta fara kaɗawa na kwashe shi da sauran danshi. Na goge shi da dutsen guga na gawayi, na ninke yadda na tuna, na ƙunshe cikin zane mai ruwan ƙasa.

Anka yi La'asar. Na shiga da sallama. Ƙanwar Inna ta tashe ta zaune, ta sa mata matashi a baya, ta koma gefe. Na ɗora ƙunshin bisa cinyarta.

Ta daɗe tana kwance ƙullin, ba ta yarda a taya ta ba. Ta shafa yadin. Ta kai shi hanci. Sannan yatsunta sunka kama baki sunka bi a hankali har kusurwa. Ta murza kusurwar, ta saki, ta bi ɗaya bakin zuwa ta biyu. Ban san abin da take nema ba, har yau ban sani ba, ko ƙulli ne ta yi, ko zare ta soke. Na dai ga tana nema. Ta uku. Ta huɗu. Ruwa ya fara sauka bisa kwano.

"Ɗiyata."

"Na'am, Inna."

"Kin wanke shi ne?"

Ga ƙofa ta buɗe mini. Da na faɗi gaskiya a nan, da an wuce wurin, ko da zagi ko da kuka. Ƙyallayen suna ɗaure a bakin zanena a lokacin, ina jin su a cinya.

"A'a, Inna. Iska kawai ya sha."

Hannunta na bisa yadin, bai motsa ba. Ni dai na ƙura wa tabarma ido, ina ƙirga saƙarta.

"To," ta ce. "Madalla. Ninke ki mayar. Allah Ya yi miki albarka."

Na ce amin. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Kwanakin da sunka biyo ban ji daɗin komai ba. Da hantsi 'yan matan sauka sukan shigo cikin gida shan ruwa, sanye da sabbin hijabansu farare, suna dariya, suna ture juna bakin randa, wata har ta goge baki da gefen nata. Ni sai in shige ɗaki. Sau uku ina ɗaura niyyar faɗa wa Inna. Na farko na iske tana barci. Na biyu ɗiyanta sun cika ɗakin. Na uku ba kowa, ita kaɗai, idonta biyu, na zauna na matsa mata ƙafa har anka kira Azahar, na tashi na fito ban ce komai ba. Ita ma ba ta sake tada maganar ba. Tana dai kirana in ba ta kunu, ta ce na hannuna ya fi shiga.

Kwana tara bayan La'asar ɗin nan ta cika, da hantsi, rana ta fito sosai bayan ruwan asuba. Gida ya cika da mata. Malam ya aiko daga zaure a fiddo likkafani, masu ɗinki na jira. Na shiga ɗaki na buɗe sif. Na ce yanzu kam dole in faɗi, ba za a sa ta cikin ƙarya ba, ko da yau ne ƙarshen zamana gidan nan.

Na juyo da ƙunshin, sai ga ƙanwar Inna tsaye bakin ƙofa. Ta shigo ta saki labule.

"Inna ƙarama," na ce, "akwai maganar da za ni faɗa kan yadin nan."

Ta karɓe shi daga hannuna, ta rungume.

"Riƙe maganarki. Tun ran da kinka kawo shi ta yi mini wasiyya. Ta ce cikin wanga za a sa ta, wanda kinka kawo, kada a canza. Ta ce kuma kada kowa ya tambaye ki komai a kansa, ko ɗanta."

Ta ɗaga labule ta fita da shi. Na zauna bakin gado, ina jin ta tana ce wa mata su ba ta hanya.