Riga Mai Lamba Tara

Shekara huɗu ina riƙe wa ƙungiyar ƙwallon unguwarmu takarda a Madarunfa, don kawai ni ne mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai bik ɗin rubutu a aljihu. Aikin ba wuya. Kafin wasa in jera suna goma sha ɗaya, kowa da lambar rigarsa, in an ci ƙwallo in ja layi a gaban lambar wanda ya ci. Har yau in na tuna aikin nan bakina ɗaci yake yi.

Riguna goma sha ɗaya gare mu cif, babu ta sha biyu. In za a canja ɗan wasa, mai fita ya tuɓe a bakin fili, mai shiga ya zura ta da guminta da warinta. Ni kuwa ban taɓa rubuta canji ba. Wa ya damu? Gari duka ya ga wanda ya ci.

Ranar da 'yan garin Ɗan Issa suka zo mana wasa, lamba tara na jikin ƙanen matar Alhaji, shugaban ƙungiya. Ɗan gayu ne, in ƙwallo ta nufo shi sai ya kauce kamar an watso ruwan wanki. Kafin hutun rabin lokaci an zura mana ɗaya. Aka cire shi, aka miƙa rigar ga wani ɗan masunta, dogo, da ya baro tafki ya zo fili ko wanka bai yi ba. Kai, bawan Allahn nan ya yi wasa! Uku ya zuba masu, ta ƙarshe da ka. Ni ma ina tsalle ina jan layi a gaban tara.

Ashe wani mai horar da ƙungiya a Maradi na neman ɗan gaba, ya ce a aika masa takardun wasanninmu. Bai tako fili ba, bai ga ƙafar kowa ba. Layuka ya duba, ya bugo waya ya ce a turo masa mai lamba tara.

Na tafi shagon Alhaji raina a ɓace.

"Alhaji, an yi kuskure. Ba ƙanen Hajiya ya ci ƙwallayen nan ba, kai ma kana wurin."

"Mushe, wa ya rubuta takardar?"

"Ni."

"To je Maradi ka gaya masu shekara huɗu ƙarya kake rubutawa."

Ya juya ya ci gaba da auna wa wata mata sukari. Wallahi Maradi ba nisa, mota kullum tana tashi, amma ban je ba. Kunyar a ce malami guda ya yi shirme ta fi ƙarfina. Tir da ni! Ƙanen Hajiya ya tafi da sabon takalmi, kuma mutanen da suka ɗaga ɗan masunta a kafaɗa ranar wasa, su ne suka raka wancan tasha suna zuba masa addu'a. Na tsaya ina kallonsu.

Bayan kwana biyu ɗan masunta ya same ni a ƙofar lakwal an tashi. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Mushe, wai an ce sunana ba ya cikin takarda. Na ce ƙarya ne, ai Mushe na wurin. Nuna mani in gani da idona."

Na ɗauko tawa takardar na ba shi. Ya riƙe ta da hannu biyu, ƙasanta a sama. Ashe bai yi boko ba. Na juya masa ita daidai, na ɗora yatsa a kan sunan ƙanen Hajiya, da layuka ukun nan a gabansa.

"Ga ka nan," na ce.

Ya bi layukan da farce ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi.

"Na san ba za ka ci amanata ba, Mushe. To in jira kira ke nan?"

Na ce masa ya jira.