Ramin da Aka Rufe da Tabarmata

Maza suka haƙa ramukan, maza suka rufe bakinsu don kada a gani, amma ranar da jikata ta faɗa cikin ɗaya, 'ya'ya mata aka hukunta. Ban yafe ba. Duk wanda ya zo ba ni haƙuri ya koma da abinsa, nawa ya ishe ni.

Ƙauyenmu yana tsakanin Anka da Bukkuyum. Da can dawanmu ba shi da iyaka, sai inda ƙafarka ta gaji. Tun da 'yan bindiga suka matso sai ya tsuke, ya zama ɗan fili daga bayan makabarta zuwa bakin rafi, kuma ba mai haye rafin nan sai wanda ya gaji da ransa. A ɗan filin nan yara ke kiwon awaki, a nan suke kakkaɓar magarya da kanya, a nan 'yan mata ke tsinko tafasa da lalo da yaɗiya idan damina ta zauna. Kuma a nan ɗin dai mazanmu suka ga zinare.

Da rani suke haƙa. Ruwa na sauka sai su koma gona, don rami cika yake yi. Ramin da bai ba da komai ba a buɗe ake barinsa, ko makaho ya ji iskarsa ya kauce. Mugun shi ne wanda mai shi ya ga alamar arziki a ciki. Ba ya son wani ya riga shi komawa bayan girbi, sai ya gitta 'yan itatuwa a baki, ya shimfiɗa zana ko tsohuwar tabarma, ya watsa ƙasa a kai. Ruwa biyu, ruwa uku, ciyawa ta fito, wuri ya koma kamar diga ba ta taɓa shi ba. Kowane namiji a garin ya san ana haka. Mu mata ba wanda ya ga ya kamata ya gaya mana.

Jikar tawa ɗiyar ɗana ce, shekararta goma sha ɗaya, a ɗakina take kwana. Ba ta kira na Kaka sai tana son wani abu, sauran lokaci Tsohuwa nake. Ni na koya mata dawa tun tana bin bayana da ɗan ƙoƙo: wane ganye ake ci, wane ke kashe akuya, yadda ake buga sanda a ƙasa kafin a sa hannu ƙarƙashin magarya. Tana zuwa makaranta, kuma ba ta baya a aji, amma idan kana son ganin haƙoranta duka ka ce mata a tafi tsinkar ganye.

Wata Asabar da hantsi ina tankaɗe, ƙawayenta uku suka faɗo gida, ba mai takalmi a cikinsu.

"Kaka, ƙasa ta haɗiye ta!"

Maza duk suna gona. Na fizgi igiyar guga, na ƙwala wa matan maƙwabta kira, biyu suka biyo ni. Ramin ya fi tsayin mutum biyu. Na kwanta rub da ciki na leƙa, na gan ta tsaye, ruwa ya kai mata ƙirji, ta rungume hannunta na hagu. Na ɗaura zarge na zura mata, na ce ta sa ƙarƙashin hammata. Muka ja, mu uku da yaran uku, igiyar na cin tafin hannu. Da ta fito ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Tsohuwa, kwandona na ciki." Sai da maɗori ya kama hannun sannan aka ji muryarta har bakin kasuwa.

Kafin mu bar wurin na ga abin da ya tsaya mini a rai. Tabarmar da ta ɓurma tana reto a bakin ramin, gefenta an ɗinke da shuɗin zaren buhu. Ɗinkina ne. Ƙanena, autan Innarmu, shi ya karɓe ta a ƙarshen rani, wai zai shanya barkono. Na janyo ta, na naɗe, na kai ta bayan randa na ajiye, ban ce wa kowa komai ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci maza suka zauna a ƙofar mai unguwa. Ba a kira mace ko ɗaya ba. Da la'asar mai shela ya zaga gari: daga yau kada ɗiya mace ta wuce makabarta, wadda aka gani ubanta zai amsa. Na saurara in ji an ambaci ramuka. Ya gama, ya maimaita, ya yi gaba abinsa.

Na ɗauki mayafi na nufi ƙofar mai unguwa. Na tarar ba su watse ba, ƙanena na cikinsu, can gefe, yana wasa da tsinke.

Wani ya ce, "Ga 'yar boko ta taho," aka yi dariya. Haka suke kira na tun da na shiga ajin manya a Anka, ina da jikoki.

Na durƙusa yadda aka koya mini. "Ranka shi daɗe, na ji shela. Tambaya guda gare ni. Ramu nawa anka rufe bayan makabarta, kuma ina da ina?"

Mai unguwa sa'an ɗana ne, na ga ranar sunansa. Ya gyara hula ya ce, "Inna, wagga maganar maza ce. Mun duba, mun ga tsare ɗiyan shi ya fi."

"Yara maza hwa? Su ƙasa ba ta son namansu?"

"Namiji ya san dawa, Inna."

"To ku da kunka san dawa, ku tashi mu tai ku nuna mini. Ƙaya ni ka sarowa, ba sai kun sa hannu ba."

Wani dattijo ya ce ai kowa da sirrin neman abincinsa. Wani ya ce da yarinyar ta zauna gida da hannunta lafiya lau. Na juya na dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan na ce musu abin da ya zo bakina. Ba zan rubuta shi duka ba, don malamarmu ta ce takarda tana daɗewa. Na dai ce na ga matsorata iri-iri, amma ban taɓa ganin waɗanda ke ɗana wa 'ya'yansu tarko su koma su ɗaure 'ya'yan ba. Ɗana ya zo ya kama ni muka tafi, yana ta "Inna, don Allah," kamar ni ce na kunyata shi.

Na san wannan tsarewar, a jikina aka fara gwada ta. A wajen Gummi aka haife ni, makaranta tana ƙetaren gulbi. Yayyena maza kullum suna cikin kwalekwale da allunansu da littattafai, ni kuwa Baba ya ce ruwa ba abin wasa ba ne ga ɗiya mace. Amma ranar kasuwa gulbin nan dai nake hayewa da ƙwaryar fura a ka, ba wanda ya tuna da ruwa. Sai da na wuce arba'in na riƙe fensir, yatsuna sun ƙage da daka, yaran unguwa na leƙe ta taga suna dariya. Abin da ya rage mini ina yarinya shi ne dawa, shi ba a hana ni ba. Kuma a shekarar da hatsi ya ƙare kafin sabo ya nuna, da tafasa da ɗan ƙuli na riƙe 'ya'ya biyar, ba wanda ya mutu. Yanzu an ba jikata makaranta, an ƙwace mata dawa, wai ni in yi godiya.

Aka yi mako biyar a haka. Miya kuwa ba ta san da shela ba, dole a nemo ganye, sai aka koma aiken yara maza. Rana ta farko 'yan gidanmu suka dawo da kwando cike da rai-ɗore, wai tafasa ce. Ganyen sun yi kama ga wanda bai sani ba, amma ko warin ya isa ya gaya maka. Waɗannan su ne masanan dawa. Kuma kullum suna can suna tsalle-tsalle bayan awaki a kan ramukan da su ma ba wanda ya nuna musu. Allah ne kawai ya tsare.

Jikata ta kalli kwandon. Da can da sai ta yi mako tana yi musu waƙa a kai. Yanzu kuwa sai ta kau da kai. An kwance mata karan ɗori, hannu ya kama, amma bakin ya mutu. Ta dawo daga makaranta ta zauna a zaure tana kallon hanyar makabarta. Ƙawayenta sun daina shigowa, don iyayensu mata sun ce ita ta ja musu kulle. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, "Kaka, da na duba gabana da ba a hana kowa ba, ko?" Na ce mata ko ni da na taka wurin da na faɗa. Ba ta yarda ba. Kaka ta kira ni, kuma ba abin da take so.

Washegari da la'asar ƙanena ya zo, da ɗan ƙunshin tsire, wai na mai jinya. Mako biyar bai tako gidan ba. Na tura yarinyar gidan maƙwabta, na ɗauko tabarmar daga bayan randa na warware masa ita a gabansa, da busasshen laka da komai.

"Ga barkononka ya bushe."

Ya dubi ƙofa. "Yaya, ki rufa mini asiri."

"Rufi ai kai ka iya shi. Saura nawa gare ka?"

"Biyu."

"Ina?"

"Yaya, jijiyar zinare ce na tarar, wallahi irin wadda mutum ka gani sau guda. In na buɗe yanzu, kahin a yanke gero an kwashe ta. Ki bari girbi shi wuce, ni da hannuna in shinge su."

"Girbi saura wata biyu. Ɗiyarka ta biyu sa'ar tawa ce, ita ma tana kulle."

"To ai shi ya sa hankalina kwance."

Na ce ya maimaita. Bai maimaita ba. Na ce masa na goya shi a bayan nan har ya yi mini fitsari ba adadi, ban san abin da nake reno ba ke nan. Na ce zan nemo su da kaina. Nan ya yi 'yar dariya, ya ce ko shi mai su sai ya auna taku daga gindin aduwa yake gane wurin, balle ni. Na miƙa masa tsirensa na ce ya kai wa ramin.

Yana fita na yafa mayafi na nufi bayan makabarta, ni kaɗai, rana ta yi sanyi amma da sauran haske. Shela ba ta ambaci tsofaffi ba. Kwana huɗu ke nan ba a yi ruwa ba. Na tsuguna a bakin ramin da ya ɓurma, inda ɗan sauran rufin ya rage, na zuba wa ciyawar ido. Ta ko'ina ta kai gwiwa, kore shar. Ta kan rufin kuwa gajera ce, ta yi ɗorawa-ɗorawa, ta langaɓe, don saiwarta ba ta da inda za ta je sai tabarma. Na miƙe na dubi filin. Can ga wani tabo, can ga wani, kamar makero a kan yaro. Kafin kiran magariba na ga huɗu.

Da safe, bayan an sha koko, na yayyaga tsohon jan zanena, na ɗauki lauje da doguwar gorar da muke kakkaɓar kanya. Na ce wa jikata ta sa takalmi. Na bi gidajen ƙawayenta uku. Uwa ɗaya ta ce ita ba ta iya faɗa da miji, na ce Allah shi ba ta lafiya. Biyu suka ba ni nasu. Ta ƙofar mai unguwa na bi da su, ba ta lungu ba. Yana zaune a kan buzu, na ce, "Ranka shi daɗe, an kwana lahiya?" Ya amsa, ya bi gorar da kallo, ban tsaya ba.

A bayan makabarta muka tarar da masu awaki, na ce su ma su shiga layi, kowa ya sa ƙafa inda na ɗauke tawa. Da muka kai tabo na farko na tsayar da su, na sa kowa ya tsuguna ya dubi ciyawar nan da ta gefenta har ya ga bambancin da idonsa. Sannan na ɗaga gora na caka. Ta shige ba tare da ta taɓa komai ba, muka ji ƙasa na zuba cikin ruwa can ƙasa. Na ɓanɓare rufin da lauje, muka saro ƙayar magarya muka kewaye bakin, na kafa sanda na ɗaura jan ƙyalle.

Na juya na ce wa jikata ta nuna mini na gaba.