Itacen da Baba ya ajiye bayan rumbu

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta. In fara, in goge, don ina tsoron kada a ce na kawo zancen kabari wurin hira. Har limaminmu na tambaya ko da laifi, ya ce babu, na dawo gida ina tunanin anya ya fahimci tambayar da kyau. Haka Allah ya yi ni. Karatuna bai wuce ƙaramar lakol ba, wato firamare, ku yi haƙuri da rubutun.

Shekarun baya, mahaifina mai saran itace ne a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Da damina yana noman gero da wake kamar kowa, da an zuba amfani a rumbu sai ya saɓa gatari. Shi ke saro wa mutane dirkokin rumfa da itacen rufin ɗaki, ya ɗora a amalanke ya kai kasuwar Cadakori. Da gatarin nan ya ciyar da mu. Tafin hannunsa kamar ɓawon itace yake, amma ban taɓa ganin ya ɗaga shi a kan ɗayanmu ba.

Akwai aikin da ba ya karɓar komai a kansa. In aka yi rasuwa, shi ke kawo itacen da ake jerawa a kan mamaci kafin a zuba ƙasa. Kuma yana da tsanani a kai ƙwarai. Kirya ko aduwa kawai yake yarda da su, don gara ba ta saurin cinsu. Wani ya taɓa kawo reshen gawo, Baba ya ture shi da ƙafa ya ce, "Gawo na gona ne, a bar shi ya yi wa gero taki. Bawan Allah zai daɗe a nan ciki."

Har nasa ya sara, ya ɗaure da igiya ya jingina bayan rumbu. Mahaifiyata ba ta son ganin ɗaurin nan.

"Haba Malam, ka daina wannan mugun baki," in ji ta.

"To ke so kike a rufe ni da karan dawa?" Sai ya yi dariya ya wuce.

Ɗaurin ma ba ya daɗewa. Da an yi rasuwar gaggawa sai ya kwance ya bayar, ya sake saro wani. Maƙwabcinmu yakan tsokane shi, "Ka sake ba da rufin ɗakinka?" Baba ya ce, "Ya riga ni tarewa, ni har yanzu ban gama shiri ba."

Wani rani itace ya yi wuya a wajenmu, sai aka kira shi aiki a wani ƙauye can wajen Gazawa. Daga nan saƙo ya iso cewa ya rasu. Ni da kawuna muka shiga mota zuwa Agiye, muka hau babur zuwa ƙauyen, muka tarar an riga an rufe shi.

Mai garin ya ce wani makiyayi ne ya same shi a daji, zaune ya jingina da itace, gatari a gefensa, rai ya riga ya fita. Shi ya ɗauko shi zuwa gari. Ana cikin haƙa kabari sai ya ɗauki gatarin Baba ya koma daji, ya dawo da itace a kai, ya jera da hannunsa. Da aka gama ya miƙa wa mai gari gatarin, ya kora shanunsa ya yi kudu.

Na yi godiya, na karɓi gatarin. Tambayoyina a ranar duk a kan ko Baba ya samu sallar azahar ne kafin ya cika, har sai da kawuna ya ce in bar mutane su huta.

Da muka dawo, Inna ba ta tambayi ciwon da ya yi ba. Ta dube ni ta ce, "Da wane itace aka rufe shi?"

Bayan sadakar arba'in na koma ƙauyen don wannan tambaya kaɗai. Wani tsoho ya ce, "Itace dai ne, ɗan nan." Makiyayin kuwa ba wanda ya san sunansa. Abin da suka riƙe, dogo ne, Hausarsa ba ta nuna sosai ba, kuma cikin shanunsa akwai wata ja mai karyayyen ƙaho.

Na san itace ba ya ƙara wa mamaci komai, aikinsa ne ke binsa. Amma in na tuna mutumin da ya zaɓa wa rabin maƙabartar garinmu itace mai kyau, shi kuma ba mu san abin da ke kansa ba, sai abin ya dame ni. Na fi jin zafin cewa wanda ya yi masa abin da yake yi wa mutane ya tafi bai ji godiyar kowa daga gidanmu ba.

Ɗaurin ƙarshe yana nan bayan rumbu. Ko lokacin da makamashi ya yanke mana, Inna ba ta bari an zare ko guda ba, kuma gara ba ta taɓa shi ba. Na ɗauka wa kanta ta ajiye. Bana da ƙafafunta suka yi rauni na tambaye ta, ta ce, "A'a. Na mai shanun nan ne. Ya ba Malam nasa, a kai masa wannan ya ajiye. In kuma ya riga mu, a ba 'ya'yansa."

Don haka nake roƙonku. In akwai wanda ya taɓa jin wani makiyayi, ko ɗansa, yana ba da labarin mai saran itacen da ya tsinta a dajin Gazawa ya saro itacen kabarinsa da gatarinsa, don Allah ya sanar da ni. Inna tana da saƙo a wurinsa, kuma tana so ta ji ko kirya ce.