Tarin da Ake Ji a Ɗakin Baba

Shekara biyu da rasuwar Baba aka fara jin tarinsa a ɗakinsa. Matar ƙanena ce ta faɗa mini a waya, murya ƙasa-ƙasa, wai tsakanin azahar da la'asar ake ji, ga kuma kwaɗo rataye a ƙofa. Na ce mata ta rage barcin rana. Ni malamar makaranta ce a Bacirawa, ba ni da haƙurin sauraron irin waɗannan maganganu. Ina yi mata tsiya ina gyaran murya, don na daɗe da wani ƙaiƙayi a maƙogwaro da nake ɗora wa alli.

Da aka ba da hutu na tafi ƙauyenmu, can gaba da Zakirai. Damina ta yi nisa, gero da dawa sun rufe gidaje, sai ka zo bakin zaure kafin ka san ka iso. Kwana biyu da zuwana, ina tsakar gida ina tsinke zogale, maza duk suna gona, na ji shi. Sau uku a jere, busasshe, sannan wani siririn fito a ƙarshe. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Shekara huɗu muka yi muna kwana muna tashi da tarin nan, ko cikin kasuwa na ji shi zan gane shi.

Baba yana cikin mutum takwas na garinmu da suka yi aiki a wata masana'anta a birni, inda ake yin silin da kwanon rufi na siminti. Ranar Alhamis suke dawowa fari fat har gashin ido, mu yara mu yi ta dariya wai sun yi furfurar dole. Akwai wani farin gari mai laushi da ake sharewa a gindin injin a zubar. Baba ya ga asara ce, sai ya riƙa ɗauro rabin buhu a mota. Inna ta haɗa shi da farar ƙasa ta shafe ɗakinta duk Sallah, bango ya yi sumul har yana ƙyalli in rana ta leƙo. Matan gari su aiko da ƙwarya a sam musu, musamman in za a kai amarya. Ni ke tankaɗe shi a rariya, in tashi fari fat irin na Baba, ina ta murna.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, in ba na wurin kuma "waccan". Ko zazzaɓi nake, sai dai ta tura wani ya duba ni, ita tana can tana daka kamar ba ta sani ba. Kunyar ɗan fari ke nan irin ta mutanensu, kuma ban taɓa riƙe ta da shi ba.

Ranar nan dai na ajiye zogalen na nufi ɗakin Baba. Da na matso na ga kwaɗon a rataye yake kawai, ba a datse ba. Na yi bisimilla na tura. Cikin duhu na ga mutum zaune a kan buzun Baba, ya cusa fuska cikin tsohuwar babbar rigarsa.

"Inna! Ke ce?"

"Rufe ƙofar," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

"Haba Inna! Kin bar gida ana ta hayaƙi da tofe-tofe, yara ba sa iya wucewa ta nan, ana cewa Baba ne!"

"Gara su ce haka." Ta ninke rigar a cinyarta. "In suka san ni ce, cewa za su yi babanku ya kawo mini ajalina a buhu. Mutumin da bai taɓa kawo mini komai da mugun nufi ba."

Ashe ta san farin garin nan ne sanadi. Ita ta yi jinyarsa, ta ga sauran abokan aikinsa suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa abin a ranta ta yi shiru. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni.

Cikin makon mai unguwa ya sa aka yi shela: likitoci za su zo makarantar firamare da motar ɗaukar hoton ƙirji, a duba tsofaffin ma'aikatan masana'antar, wadda ta daɗe a rufe. An gano farin garin nan ne ke cin huhu, a hankali, sai bayan shekaru ya nuna. Na roƙi Inna ta je, ta ce ina. Na lallaɓa, na yi kuka, a banza. Da safen ranar da likitocin suka zo raina ya ɓaci na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ina cikin faɗan tari ya sarƙe ni. Ta ajiye ludayin kokon da ke hannunta ta zuba mini ido. Ni kuma na figi mayafi na fita.

A makarantar na sami malamin asibiti da takardar sunaye, na yi masa bayanin Inna.

"Sai haƙuri, Hajiya, ma'aikata kawai aka rubuto."

"To matansu huhun ƙarfe gare su?" na ce.

Ya sake ba ni haƙuri, ya juya ga takardarsa.

Cikin takwas ɗin nan uku suka rage, suna zaune a ɗan bencin yara ƙarƙashin darbejiya, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Jama'a sun kewaye. Malamin ya fara kira. In ya kira suna, sai mutane su ce, "Allah ya jiƙansa," ya ja layi da biro, ya kira na gaba. Haka har ya zo kan sunan Baba.

Kafin kowa ya buɗe baki, tarin ya amsa daga cikin geron da ke bayan aji. Sau uku, sannan fiton. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya saki sandarsa yana salati, wata mata ta ja da baya har ta taka ni. Karan gero suka motsa, suka dare.

Inna ce ta fito, ta biyo ta gona don kada a gan ta a hanya. Tana riƙe da ƙwarya rufe da faifai. Ta wuce malamin, ta ajiye ta gaban likitar, wata mace mai gilashi, ta ɗaga faifan. Gutsuren bangon ɗakinta ne a ciki, fari, yana ƙyalli. Ta faɗi yadda aka yi a gaban kowa, ba ta ɓoye wanda ya kawo garin ba. Likitar ta yi sauri ta mai da faifan ta rufe, ta tura mata kujera.

"Zauna, Inna. Ba ruwana da takarda, yau za a duba ki."

"Ba don kaina na zo ba," in ji Inna. "Nawa na san inda ya nufa."

Sai ta juyo ta neme ni cikin taron, ta kira sunana. Cikakke, da ƙarfi, a gaban maza da mata.

"Ita ke tankaɗewa," ta ce wa likitar. "Ku fara da ita."

Na haura shekara arba'in ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Wallahi tarin ɗakin Baba bai tsorata ni kamar kiran nan ba. Na buɗe baki in ce na'am, tari ya riga ni.